Tambaya ga masu buga ches: Stockfish yana koya ma yaro wasa ne ko kashe mashi kai yake yi?

Ɗan Nima ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masu buga ches a nan ina da tambaya, amma ku yi haƙuri sai na ɗauko labarin daga tushe kafin ku gane inda damuwata take.

Ni gyaran waya nake yi a Circle a nan Accra, ina zaune Nima tare da ɗan yayata, shekararshi 13. Tun watan Disamba na 2024 da yaron nan na Indiya, Gukesh, ya ci Ding Liren na China a Singafo ya zama gwanin duniya yana da shekara 18, shi ke nan yarona ya kamu. Bidiyon ya gani a wayata, wurin da Gukesh ɗin ya kifa kai yana kuka bayan an tashi, kuma duk da kukan sai da ya tsaya ya jera 'ya'yan a gidajensu ɗaya bayan ɗaya kafin ya bar teburin. Ya ce mani Kawu wannan wane irin wasa ne mutum zai ci kuma ya yi kuka haka. Ni abin da na sani a lokacin bai wuce yadda doki ke tsalle da yadda ake cekmet ba, na nuna mashi, cikin wata biyu ya fara cinye ni. Na haɗa mashi wata tsohuwar waya da na saya hannun kwastoma, na sa mashi Lichess, manhajar buga ches a intanet, kuma walahi na ji daɗi don ya rage yawon bakin gota da daddare.

To ga matsalar. Yanzu duk wasan da ya gama, ko minti ɗaya bai ba kanshi ba sai ya danna injin, wato Stockfish, manhajar da ke nazarin wasa tana nuna wa ke gaba, ya zuba ido kan sandar nan ta gefe mai hawa da sauka, in ta hau ya yi murmushi in ta sauka ya ja tsaki, ya wuce wani wasan. A rana zai iya buga wasa talatin irin na minti ɗaya ɗin nan. Sunayen buɗin wasa kuwa ya haddace su kaman karatun allo, Sisiliyan ne, Landan ne, Karo-Kan ne. Ranar Lahadi na kai shi bes ɗinmu inda ake shan ataya, akwai wani dattijo direban trotro da ke da allon ches na katako, ƙafar dokin ɗaya ma da gam aka liƙe ta. Dattijon nan bai san sunan buɗin wasa ko ɗaya ba, amma sau uku a jere yana cin yaron. A wasa na uku yaron ya fi shi da soja biyu, suka zo ƙarshe ya rasa yadda zai kai su, har aka cinye su ya sha kashi. Da muka taho hanya yana ta cewa ai da an sa ma injin zai ce shi ke gaba da +2. Na ce to amma wa ya ci?

Abin da ya fi tada mani hankali shi ne na daren Juma'a. An ɗauke wuta, na farka wajen ƙarfe ɗaya na ga haske biyu cikin gidan sauronshi. Ashe tawa wayar ya ɗauka, yana buga wasa da wani a tashi, yana kwafa takun a tawa injin na gaya mashi abin da zai buga. Ban doke shi ba, na dai karɓe duka biyun, har yau kwana huɗu ban mayar mashi ba, kuma uwarshi ban gaya mata ba tukuna.

Tambayata: in cire mashi injin ɗin kwata-kwata ne, ko akwai yadda ake amfani da shi ya amfani yaro? Wace manhaja ta fi dacewa, wadda ba ta cin data da yawa? Kuma tsakani da Allah, tunda ance kwamfuta ta fi kowane ɗan Adam, ina amfanin yaro ya ɓata shekarunshi a kai? Na gode.

Tsohon Tica, Aboabo ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka maka da alheri da ka riƙe ɗan 'yar'uwarka har kana tashi cikin dare don shi, kuma ka yi daidai da ba ka ɗaga hannu ba.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce na taɓa yi ma kaina. A watan Mayu na 1997 ina koyarwa a nan Kumasi muka ji a rediyo cewa na'urar kamfanin IBM, Deep Blue, ta ci Kasparov a New York, uku da rabi da biyu da rabi. Shekara ɗaya kafin nan shi ne ya ci ta 4 da 2 a Philadelphia, shi ya sa ba mu yi zaton haka ba. Kasparov fa, mutumin da ya karɓe kambun daga hannun Karpov a 1985 yana ɗan shekara 22, wanda muke yanko wasanninshi daga tsofaffin jaridu muna bi a allo. Mu huɗu ne muke haɗuwa bayan la'asar a lokacin, ɗaya daga cikinmu ya ce shi ke nan wasa ya mutu, ya daina zuwa. Yau kusan shekara talatin, masu buga ches a duniya sun ninka ban san sau nawa ba, ga shi har ya shigo gidan sauro a Nima. Mota ta fi mutum gudu amma ba a daina tsere da ƙafa ba. Yaronka ba da na'ura zai yi gasa ba, da yara irinshi ne, kuma abin da zai samu a ciki shi ne zama wuri ɗaya, da yin tunani kafin ya miƙa hannu, da ɗaukar kaye ba tare da ya ɗora ma kowa laifi ba. Na koyar da lissafi shekaru da yawa, na san tsadar waɗannan ukun wajen yaro.

Yanzu wasan da ya sa shi sha'awa, ka zaunar da shi ku duba ƙarshenshi da kyau, don maganin ciwonshi yana ciki. Wasa na 14 ne, na ƙarshe, ranar 12 ga Disamba, kowa na da maki shida da rabi. Ding na da fari: sarki, ruk, bishof da soja ɗaya. Gukesh na da sarki, ruk, bishof da soja biyu. Duk masana sun ce canjaras ne, in dai Ding ya riƙe ruk ɗinshi ko bishof ɗinshi a kan allo ba yadda za a yi da shi. A taku na 55 sai ya kawo ruk gidan f2 ya ce a yi musanye. Abin da ya manta shi ne bishof ɗinshi na can lungu a a8, hanya ɗaya ce kawai gare shi. Gukesh ya ci ruk, Ding ya rama da sarki, sai Gukesh ya ajiye bishof a d5 ya tare wannan hanya ɗayar, dole aka yi musanyen bishof ma. Saura sarki da soja ɗaya, da sarki da soja biyu. Ding ya kai sarkinshi e3, Gukesh ya kai nashi e5, suna kallon juna gida ɗaya a tsakani, kuma taku na Ding ne, wanda taku ya faɗo kanshi a irin wannan tsayuwa shi ke kaucewa. Nan ya miƙa hannu. Ka gani? Kambun duniya a kan darasin da ake koya ma ɗan koyo a watanshi na farko ya tafi. Shi ne kuma darasin da direban trotro ya sani yaronka bai sani ba, shi ya sa soja biyu suka mutu a hannunshi. Sunan Sisiliyan ba ya kai soja gidan ƙarshe.

Shawarata, kar ka cire injin, ka mayar da shi layin baya. Ka sayo mashi littafin rubutu na sidi kaɗan. Wasa ɗaya a rana ko biyu, mai tsawo, ya rubuta kowane taku da biro. In an gama ya jera a allo na gaske, ya bi daga farko shi kaɗai, ya sa alama wuri uku da yake ganin nan ne wasan ya juya, ya rubuta da hannunshi: a nan na ji tsoron kaza, a nan na so in yi kaza. Sai bayan nan ne zai buɗe injin ya ga ko sun yi daidai. Injin zai ce maka wannan takun ya fi, amma ba zai taɓa gaya maka me ya sa kai ka buga wancan ba, kuma a nan ne gyaran yake.

Ku mutanen Ankara, wato Accra, kuna da saurin hannu a komai, ku dinga barin yaro ya zauna da kayenshi ko na minti goma ne kafin a ba shi amsa.

Ɗalibin KNUST ya rubuta:

Baba Tica ya gama magana, Allah ya ƙara girma. Ni ɓangaren manhaja zan taɓa don shi nake karanta, kuma zan ɗan saɓa ma Baba a abu ɗaya in ya yarda.

Yaya, Lichess ɗin da ka sa mashi ka bar shi a kai, ba ka buƙatar biyan ko pesuwa. Wani Bafaranshe ne Thibault Duplessis ya fara shi a 2010, kyauta ne gaba ɗaya, babu talla, da gudummawar mutane yake tafiya. Chess.com ma yana da kyau kuma ya fi yawan jama'a amma nazarin wasa da darussa an iyakance ma wanda bai biya ba, ga dala ga sidi ka san yadda abin yake. Data kuwa wasan kanshi ba ya ci, takun rubutu ne ƙanana ke tafiya, abin da ke shanye bandul shi ne bidiyon YouTube da kallon gasa kai tsaye. In kana son wanda ba ruwanshi da intanet sam, akwai DroidFish a Android, Stockfish ne a ciki, ko an yi dumso, wato an ɗauke wuta, in dai akwai caji zai yi aiki, sai dai yana zafafa tsohuwar waya yana shan batir, wannan kai ka fi ni sani.

Lambar nan da yake kallo kuma ya kamata a fahimtar da shi. Asali ana ƙirga soja 1, doki 3, bishof 3, ruk 5, kwin 9, to da can +1 kaman a ce fari ya fi da soja ɗaya ne. A Stockfish na yanzu an daidaita shi ta yadda +1 ke nufin in injin ya buga da injin daga wannan wurin, kusan rabin wasannin fari zai ci. Ka lura, injin da injin. Shi Stockfish a jadawalin injuna ya haura 3500 a makin da ake auna ƙarfin ɗan wasa da shi, Magnus Carlsen kuwa mafi girman da ya taɓa kaiwa 2882 ne a 2014 kuma babu ɗan Adam da ya taɓa wuce wannan. Ke nan +2 ɗin da yaron ke kuka da shi na Stockfish ne ba nashi ba, sai in shi ma zai iya ganin taku ashirin gaba. Sau da yawa injin zai nuna maka hanya siririya kaman gadar katako kan gota, shi zai haye lafiya kai in ka taka ka faɗa, alhali ga wata hanyar mai faɗi da lambarta ta ɗan yi ƙasa amma mutum zai iya binta.

Abin da ya canja injunan nan shi ne 2017, lokacin da AlphaZero na kamfanin DeepMind ya fito, ba a koya mashi komai ba sai dokokin wasa, ya yi ta bugawa da kanshi, aka haɗa shi da Stockfish 8 wasa 100 ya ci 28 aka yi canjaras 72 bai faɗi ko ɗaya ba. Na kalli wasannin nan na kasa barci, yana ba da soja biyu uku kaman sadaka don kawai ya ɗaure bishof ɗin abokin wasa a lungu. Daga nan masu sa kai suka gina Leela Chess Zero a kan wannan hanyar, shi ma Stockfish a 2020 aka sa mashi irin wannan ƙwaƙwalwar mai koyo da ake kira NNUE, ya sake yin gaba. Sannan duk wani ƙarshen wasa da 'ya'yan da suka rage ba su wuce bakwai ba har da sarakuna, an riga an lissafe shi ƙurmus, ba hasashe ba ne, Lichess zai gaya maka ci ne ko canjaras.

Inda zan saɓa ma Baba shi ne wasa ɗaya ko biyu a rana ya yi kaɗan ma ɗan shekara 13 da jininshi ke tafasa, zai gudu ne. A bar mashi wasan warware matsala, waɗanda ake ajiye maka allo a ce nemo takun ci, ya yi goma ko ashirin kullum, su ne ke buɗe ido ya dinga ganin doki zai kai ma sarki da kwin hari lokaci ɗaya. Kuma in zai buga da na'ura kar ya buga da Stockfish, ya nemi Maia a Lichess, maia1 ko maia5, ita da wasannin mutane aka horar da ita, tana kuskure irin na mutane, yaro zai iya cinta kuma ya koyi hukunta kuskure.

Amma duk son da nake ma injin dole in faɗi wannan don ya goyi bayan Baba: shi kanshi Gukesh, kocinshi Vishnu Prasanna hana shi injin ya yi a shekarun koyonshi, ya ce ya lissafa da kanshi, kuma a haka ya zama girandmasta, babban muƙamin masu buga ches, a Janairun 2019 yana da shekara 12 da wata 7. Sai daga baya ya fara aiki da injin sosai. Ka gaya ma yaron wannan, tunda gwaninshi ne zai fi jin maganar.

Malama daga Madina ta rubuta:

Salamu alaikum. Duk kun yi bayani mai kyau amma na ga an bi ta gefen abin da ya hana ɗan'uwanmu barci, wato wayar nan ta biyu cikin gidan sauro. Ni malamar firamare ce, ina da 'yan yara tara da nake zama da su ranar Asabar da allo uku, biyar mata ne, kuma wannan abin ya taɓa faruwa da ɗaya daga cikinsu don haka ba daga sama nake magana ba.

Yaro ba ya fara satar amsa don shi mugu ne. Yana farawa ne ranar da lambar makinshi ta fi mashi wasan daɗi. Ya faɗi sau uku gaban manya a bes ranar Lahadi, ranar Juma'a ya je neman inda ba zai faɗi ba, ka haɗa kwanakin ka gani. Tawa yarinyar da na zaunar da ita ban ce mata ɓarauniya ba, na ce mata wadda kika ci jiya mutum ce irinki, ƙila ita ma yarinya ce a wani gari da ta je ta kwanta tana ganin ba ta iya ba, alhali ba ke kika ci ta ba. Ta yi kuka sosai. Na sa ta rufe wannan akawun da hannunta muka buɗe sabo. Kai ma ka yi haka, kuma ka gaya mashi gaskiya cewa shafukan nan suna da hanyar gane mai kwafa, suna duba yadda takunka ke dacewa da na injin da lokacin da kake ɗauka kan kowane taku, mai kwafa taku mai sauƙi da mai wuya duk lokaci iri ɗaya yake ba su, in sun kama sai su sa ma akawun alama. Manya ma ba su tsira ba, a 2019 an ɗauki hoton wani girandmasta da waya a banɗaki ana tsakiyar gasa a Faransa, hukumar ches ta duniya FIDE ta dakatar da shi shekara 6 ta kuma karɓe muƙamin. Mutum ya yi shekaru yana gina suna.

Uwarshi kuwa ka gaya mata, amma bayan kun gyara, kuma a gabanshi, ka haɗa da cewa shi da kanshi ya rufe akawun ɗin.

Abu na biyu, yaron nan mutane yake buƙata ba waya ba. Direban nan da ya ci shi, ka sai mashi goro ka roƙe shi ya dinga zama da yaron duk Lahadi. Ka kuma nemi Ghana Chess Association a Facebook ka dinga duba lokacin gasar yara, ranar da ya zauna gaban yaro ɗan'uwanshi da agogo a gefe, aka ce in ka taɓa sai ka buga, zai san wasan na minti ɗaya ba komai ba ne. Da aka yi wasannin Afirka a nan Accra a watan Maris na 2024 ches na cikin wasannin da aka yi, yarana har yau suna maganar cewa ashe abin da muke yi ƙarƙashin bishiya ana ba da lambar zinare a kanshi.

Kuma a dinga nuna masu namu. Bassem Amin na Masar likita ne, shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai maki 2700. Amon Simutowe na Zambiya ya zama girandmasta a 2009. Ga Tunde Onakoya na Legas da ya koyi wasan a shagon aski, ya kafa Chess in Slums Africa yana koya ma yaran ƙarƙashin gadar Oshodi da na Makoko, ya zauna awa 60 yana bugawa a Times Square a 2024 don tara kuɗin karatun yara, ya koma a 2025 ya yi awa 64. In na nuna ma yarana hoton yaran Makoko sai su ce Madam ai wannan kaman unguwarmu ce.

Mai Dame na Sabon Zango ya rubuta:

Ni dai ban ga abin da ches ya fi dame da shi ba da za a bar namu a kama na wasu. Gida 100, 'ya'ya ashirin ashirin, ka zo ƙarƙashin rumfa ka ga lissafi. Baba Sy na Senegal ai gwanin duniya ne a dame, mu ma muna da abin nunawa. Sannan ni na ji wani malami ya ce shaɗaranji, wato ches, bai halatta ba, ba wanda ya taɓo wannan. Kuma shi Gukesh ɗin da kuke ta yabo ai don Carlsen ya ajiye kambun ne da kanshi, ba a ci shi ba.

Tsohon Tica, Aboabo ya rubuta:

Mai Dame, ba wanda ya ce a bar dame, ni kaina da shi na fara kuma ɗan dame in ya shigo ches yana da haƙurin lissafi da na waya ba su da shi, ina kyautata zaton direban nan ma ɗan dame ne. Maganar Baba Sy gaskiya ce, Allah ya jiƙanshi.

Batun hukunci, tambaya ce mai kyau. Malamai sun yi saɓani a kai tun da can, Imamu Malik bai so shi ba, Imamu Shafi'i ya ce makaruhi ne, kuma duk sun haɗu a kan cewa in caca ta shiga ko ya sa aka bar salla to haramun ne. Kowa ya koma ga malaminshi da ya yarda da shi. Mu a majalisarmu in aka kira salla ana barin allo yadda yake, a dawo a tarar.

Carlsen kuwa haka ne, ya riƙe kambun daga 2013 da ya ci Anand a Chennai, a 2022 ya ce ba zai sake karewa ba, shi ya sa Ding da Nepomniachtchi suka buga a 2023. Kuma har yanzu a ganina shi ne ya fi kowa. Amma yaron bai saci kujera ba, gasar 'yan takara ya ci a Toronto kafin ya isa ga Ding, kuma a watan Yuni na 2025 a gasar Norway ya ci Carlsen ɗin a dogon wasa, har Carlsen ya daki tebur 'ya'yan suka zube. A wannan wasan ma Carlsen ne ke gaba kusan tun daga tsakiya, injin na ba shi rinjaye mai yawa, lokaci ya ƙure ya yi kuskure ɗaya. Ɗan Nima ka nuna ma yaronka wannan shi ma, ya ga +2 ta taɓa mutuwa a hannun wanda ya fi kowa.

Ɗalibi, na karɓi gyaranka kan warware matsala. Amma na minti ɗaya ɗin nan ban yarda ba, ya buga na minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10.

Ɗan Nima ya rubuta:

Allah ya saka maku da alheri gaba ɗaya, Baba Tica, Malama, Ɗalibi, har da Mai Dame. Jiya bayan isha na zaunar da shi na faɗa mashi maganar Malama kusan yadda ta rubuta, ya daɗe bai ɗago kai ba, da kanshi ya ce wasa biyar ya yi haka ba ɗaya ba, ni ɗaya na sani. Ya rufe akawun ɗin, sabon kuma sai bayan jarabawa. Na sayo littafin a Mamobi da biro biyu. Da safe kafin in fita na ari allon direban na jera mashi sarki a e3 da soja a g3, baƙi sarki a e5 da soja a f5 da g4 yadda na gani a wasan, na ce kar ya taɓa waya, in na dawo ya nuna mani yadda baƙi ke ci. Na dawo na tarar ya cika shafi ɗaya da rabi, wasu ya soke, kuma bai ci waaken da na bar mashi kuɗinshi ba sai da na yi magana.

Baba Tica ga tambayar da ya ce in yi maka: in fari ya ja sarkinshi baya zuwa f2 maimakon gefe, baƙi ya fara shiga da sarki ne ko ya fara tura sojan f? Ya ce yana ganin sarki ne amma bai tabbata ba, kuma na hana shi tambayar injin sai ka amsa.